Dami Ɗaya Kowace Kaka

Kowace kaka, idan an gama yankan dawa a gonarmu ta fadama, akan ware dami ɗaya a kai ƙofar maigari. Ba zakka ba ce, ba haraji ba ne. Ba kuma kyauta ba ce, ko da yake in ka ga yadda ake miƙa shi da yadda ake karɓa sai ka rantse kyauta ce. Damin shaida ne. Wanda aka ara wa gona shi ke kai shi, don kada wata rana 'ya'yansa su manta su ce gonar tasu ce. Mu kuwa gonar tamu ce. Kakana ne ya sare dajinta da gatarinsa, kuma har yau akwai takardar alƙali mai hatimi a akwatina wadda ta faɗi haka. Ni na jawo mana wannan damin da karatuna, kuma abin bai daina ci mini rai ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dogarawa da Malbaza, ba zan faɗi sunansa ba. Babana manomi ne mai sanyin hali, irin mutanen da in ka taka musu ƙafa su ne za su ba ka haƙuri. Wannan sanyin ne ma ya kai ni lakwal. A zamanin, in an ce maigari ya kawo yara biyu makarantar boko, ba ya taɓa 'ya'yan masu baki, sai ya duba gidan da ba za a yi masa gardama ba. Ya duba ya ga gidanmu. Haka aka kai ni Konni ina kuka, na yi shekaru, na fito da wando da takalmi, aka ce na zama mushe, wato malamin lakwal. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, kuma a ganina ba a taɓa yin mai ilimi kamata ba a duk gidanmu, wanda gaskiya ne, sai dai ba abin alfahari ba ne tunda ni kaɗai aka kai.

Cikin abin da nake koya wa yara akwai darasin zaman ɗan ƙasa. An ba mu wani siririn littafi na tsarin mulkin ƙasa, da Faransanci, na haddace shi kamar yadda ake haddace allo. Ina tsayawa gaban yara in ce musu mulki kashi uku ne: masu yin doka, masu gudanar da ita, da alƙalai. In ce musu alƙali ba ya jin tsoron kowa sai doka, kuma talaka da sarki ɗaya suke a gabansa. Yara su maimaita da ƙarfi, ba su san me suke faɗi ba. Ni kam na san abin da nake faɗi, kuma na yarda da shi har zuciyata, wannan ita ce matsalar.

Wanda ya ƙara zuga ni kawuna ne, ƙanen innata. Direban babbar mota ne, yana zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Konni, kuma can Najeriya ya yi gida. In ya biyo ta wajenmu sai ya baje a zaure yana kwatanta mana ƙasar tarayya. Ya ce su can ba gwamnati ɗaya ba ce a kansu. Jiharsu tana da tata gwamnati da tata majalisa, tarayya kuma a Ikko tana da tata, kuma an rubuta iyakar kowa, ba mai shiga gonar wani. In alƙalin garinku ya danne ka sai ka ɗaukaka ƙara gaba, in can ma ba a yi maka daidai ba akwai gaban gaba.

"Ku ƙasarku ƙohwa guda gare ta," in ji shi, yana kallon babana. "In mai tsaronta ya ƙi ka, sai ka koma gida ka yi kwance."

Babana ya yi murmushi ya tura masa ƙwaryar fura. Ni kuwa sai na ji haushi ya kama ni. Na ce masa mu ma muna da ƙofofi, a rubuce suke, mutane ne ba su san su ba. Na so ƙwarai in samu ranar da zan nuna masa.

Ranar ta zo shekara biyar bayan samun 'yancin kai. Gonaki biyu gare mu, ta tudu da muke shuka hatsi da wake, da ta fadama, mai baƙar ƙasa, wadda ko ruwa ya yi gardama ba ta hana mu dawa. Babana ya bar ta fadamar ta huta shekara biyu saboda ta gaji. A shekara ta uku, ruwan shuka ya sauka, ya ɗauki sungumi ya tafi, sai ya tarar an riga shi. Surukin maigari, wanda shi ne shugaban kwamitin jam'iyya a ƙauyen, ya tuge gambar da kakana ya dasa a kan iyaka, ya haɗe gonar da tasa, ya shuka auduga. Da aka tambaya, maigari ya ce gona ce da aka yasar, kuma gwamnati tana son auduga.

Na zo hutu na iske babana yana bin hanyar da ya sani. Kullum da hantsi yakan je gaisuwa ƙofar maigari, ya zauna, ba ya ko ambaton gonar. Ya tura liman ya yi magana, ya tura wani tsoho da suka yi wasan ƙasa tare da maigari. Lissafinsa shi ne surukin zai ci gonar shekara biyu ko uku, kunya ta kama maigari, a mayar masa da abinsa ba tare da kowa ya zubar da girma ba. Ya ce ya ga an yi haka a kan gonar wani tun yana saurayi.

Wannan zaman gaisuwa ya ƙona mini rai. Mutum a ƙwace masa gadon ubansa, shi ne kuma zai riƙa sunkuyawa yana cewa ranka ya daɗe! Na ɗauko littafina na buɗe masa, ina fassarawa da Hausa. Na ce akwai alƙalin gwamnati a cikin gari, wanda maigari ba ya iko da shi, jam'iyya ba ta iko da shi, ko kwamandan mai mulkin yankin ba ya gaya masa abin da zai yanke. Kwana uku ina yi masa karatu. Ya saurare ni duka, don ba ya katse mutum.

"Ba a tsallake maigari," abin da ya ce ke nan. "Kai gobe ka tahi lakwal ɗinka. Mu nan za mu kwana, nan za mu tashi."

Na ce masa tsoro ne. Da bakina na ce wa babana tsoro ne ke damunsa, a gaban innata. Sai ya ce to, tunda Allah ya ba shi ɗa mai karatu, ba zai zama wanda ya hana karatun amfani ba. Ban gane ba a lokacin cewa ba hujjata ce ta rinjaye shi ba. Bai so in ci gaba da kallonsa a matsayin matsoraci ba, shi ke nan.

Bayan kaka muka shigar da ƙara. Ni na rubuta takardar da hannuna, da Faransancin da na zauna na goge shi kamar kwanon biki. Muna cikin jiran a kira mu sai labari ya zo daga Najeriya cewa soja sun kashe manya sun karɓi mulki. Kawuna ya biyo bayan 'yan makonni, ya rame, ba ya baje baki kamar da. Na tsokane shi na ce ina ƙofofin nan masu yawa? Ya ce an kulle su duka a safiya ɗaya, da makulli ɗaya. Mai hankali da ya ɗauki darasi daga nan. Ni sai na ji daɗi wai tamu ƙasar ta fi tasu zama lafiya.

Ranar shari'a ba wanda ya yarda ya yi mana shaida daga ƙauyenmu. Tsofaffin da suka ga kakana yana saran dajin nan, duk sai ciwon ƙafa ya kama su a mako ɗaya. Wanda ya cece mu wani tsohon Bafulatani ne da ya shekara fiye da ashirin yana sauka da shanunsa a gonar da rani, suna zuba mata taki, kakana yana ba shi hatsi. Shi ba a ƙarƙashin maigarinmu yake ba, ba abin da zai rasa. Na bi shi har kasuwar Illela na roƙe shi, ya zo. Ya tsaya gaban alƙali da sandarsa a kafaɗa, ya lissafa iyakar gonar daga gawo zuwa tsohuwar rijiya zuwa inda gamba take, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Alƙalin saurayi ne, bai girme ni da yawa ba, da malamai biyu masu sanin al'ada a gefensa. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi aikinsa. Ya sa maigari ya tsaya a tsaye kamar kowa, ya yi masa tambayoyi, har ya katse shi da ya fara dogon zance. Ina kallon wuyan maigari yana kumbura. Aka yanke cewa hutun shekara biyu ba yasarwa ba ne, gona ta babana ce, a mayar masa. Na fito ina jin kamar ni na kafa ƙasar. Babana kuwa, a bakin ƙofar kotun, sai na ga ya matsa zai gaida maigari kamar yadda ya saba. Maigari ya kau da kai ya hau dokinsa.

Abin da littafina bai gaya mini ba shi ne alƙali ba ya zuwa gona. Yana yanke hukunci ne a ba masu gudanarwa su gudanar. Takardar ta tashi daga kotu ta tafi buro, wato ofishin kwamandan, ta kwanta can wata biyu. Daga buro aka aika wa hakimi, tunda maganar ƙasa ce. Hakimi kuma, da yake ba ya tsallake na ƙasa da shi, sai ya aika wa wanda ke da alhakin nuna iyakar gonaki a ƙauyenmu. Wato maigari. An ce ya karɓe ta da hannu biyu, ya ce umarnin gwamnati a kansa yake, zai zartar da zarar an cire amfanin da ke cikin gonar, don surukinsa ya riga ya sake shuka. Da aka cire, sai ya ce a bari ƙasa ta bushe. Da ta bushe, sai ya ce tsofaffin da suka san iyaka ba su da lafiya.

Na koma buro sau huɗu. Kowane zuwa sai a ce mini ai kotu ta gama nata, su ma sun gama nasu, takarda ta wuce. Na koma wurin alƙali, ya ce shi ba shi da ikon shiga aikin buro, mulki a rabe yake. Abin da nake koya wa yara ne ya maimaita mini, kalma da kalma.

A daminar shekarar da aka yi shari'ar babana ya kira gayya don noman gonar tudu, kamar yadda yake yi kowace shekara. Wanda bai san gayya ba, ita ce ka gayyaci maza su taru su nome maka gona a yini ɗaya, kai kuma ka ciyar da su, gobe in wani ya kira ka je. Babana bai taɓa ƙin zuwa ta kowa ba. Innata da ƙannenta suka tashi tun asuba suna daka, aka dama fura a manyan ƙore, aka tuƙa tuwon mutum talatin, aka yanka akuya. Makaɗi ma an gaya masa. Muka tafi gona muka zauna ƙarƙashin aduwa muna jira.

Hantsi ya yi, ba kowa. Rana ta take tsaka, ba kowa. Ba wanda ya hana su, maigari bai ce uffan ba, kowa dai ya tashi ya ga yana da wani uzuri. Muna hangen mutane a gonakinsu, sun duƙa, ba mai ɗago kai ya dubi wajenmu. Mata suka kawo abinci a kai, suka sauke, suka tsaya cirko-cirko. Babana ya tashi ya ɗauki hauyarsa ya shiga kunya ta farko shi kaɗai, na bi shi da hannuwana na alli, kafin la'asar duk sun yi bororo sun fashe. Tuwon nan haka aka mayar da shi gida. Innata ta aika wa maƙwabta, wasu suka karɓa, wasu suka ce sun ƙoshi. Sauran ta shanya shi a kan zana, muka yi ta cin gayan tuwo har ya gundure mu. Ban taɓa jin babana ya ambaci ranar nan ba har ya bar duniya.

Da aka koma lakwal sai aka canza mini wurin aiki, aka tura ni wani ƙauye can arewacin Illela. Ko da hannun wani a ciki, ko babu, ban sani ba. Abin da na sani shi ne na tafi, kamar yadda babana ya faɗa tun farko, su kuma suka kwana suka tashi a nan. Ba a kore su ba, ba a zage su ba. Ana amsa musu sallama. Amma in an yi suna sai goro ya ƙare kafin a iso gidanmu, in ana shawara a ƙofar masallaci sai a yi shiru in babana ya matso. Shekara takwas yana wannan zama. Ni ina can ina sa 'ya'yan mutane suna maimaita cewa talaka da sarki ɗaya suke, ina karɓar albashi a kan haka.

Kwafin hukuncin da aka ba mu, babana ya sa baduku ya ɗinka masa jakar fata, ya rataye a ɗakinsa. In na zo hutu wani lokaci yakan sauko da ita ya ce in karanta masa wurin da aka ambaci gawo da tsohuwar rijiya. In karanta, ya gyaɗa kai, ya mayar. Na fi son ya zage ni da wannan karatun.

Sai fari ya zo. Gonar tudu ta ƙi ba da komai shekara biyu a jere, hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Ƙannena biyu suka tafi neman aikin ɗaukar buhu a Malbaza. Daga bakin gonarmu ana hango fadamar, kore shar, surukin maigari ya daina auduga ya koma shuka dawa a cikinta. Abin da nake aikowa ba ya kai gidan ƙarshen wata.

Da bazarar da ta biyo baya soja suka karɓi mulki a tamu ƙasar. Ina gida lokacin, muka ji a rediyon wani mai tebur cewa an rushe majalisa, an hana jam'iyya, an dakatar da tsarin mulki. Babana ya tambaye ni me ake nufi da dakatarwa. Na ce an ajiye littafin, ba a aiki da shi sai yadda hali ya yi.

"Littahin nan naka?"

Na ce shi.

"To," ya ce. "Gobe ka raka ni wurin maigari."

Majalisa ta tafi, jam'iyya ta tafi, surukin ya zama ba kowa ba a yini ɗaya, maigari kuwa yana nan a kan buzunsa inda muka bar shi, sai dai ya ƙara tsufa. Zauren cike yake da mutane. Babana ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya shiga ya durƙusa, mutumin da ya haura saba'in, ya cire jakar fatar daga wuyansa ya ajiye gaban maigari. Ya ce ya zo neman gafara, ya yi kuskure, ya bi maganar yaro. Ina durƙushe a bayansa ina jin kowace kalma, kuma ba wadda zan iya ƙaryatawa.

Maigari ya yi halin girma, irin wanda ya fi mari zafi. Ya ce ba komai, shi bai taɓa riƙe babana a zuci ba, ai tare suka tashi. Ya tura jakar da bakin sandarsa zuwa wajena.

"Ba mushe abinai, shi ya san karatunta. Mu nan ba mu iya ba."

Aka yi 'yar dariya a zauren. Sa'annan ya ce tunda ana cikin wahala, kuma gidanmu akwai baki da yawa, ya ara wa babana gonar fadama, ya noma ya ci da iyalinsa. Sai dai a riƙa kawo dami ɗaya kowace kaka, yadda aka saba, don kada zance ya rikice a gaba. Liman ya shafa fatiha, kowa ya shaida. Da babana ya bi hanyarsa tun farko, da an mayar masa da gonar a matsayin tasa. Hanyata ta ci shekara tara, ta mayar da shi ɗan aro a kan gadon ubansa.

A hanyar komawa gida na buɗe baki zan yi magana, ban ma san me zan ce ba. Ya ɗaga mini hannu, ya ce in je in duba ko akwai sauran irin dawa a rumbun innata.

Allah ya ba da ruwa a daminar nan. Babana ya kira gayya, mutum ya fi arba'in, har da waɗanda suka duƙar da kai a wancan karon, suna ta wasa da dariya kamar ba a taɓa yin komai ba. Shi ma yana dariya tare da su, kuma na san har ransa yake yi. Dawa ta yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba.

Ranar da aka gama ɗauri na zo daga wurin aiki, da wandona da takalmina. Babana ya bi dammunan ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa, har ya zaɓi wanda ya fi kowanne nauyi da cikar zangarniya. Ƙannena suna nan tsaye, ƙarfafa, ga jaki a ɗaure. Bai dubi kowa ba sai ni. Ya naɗa gammo da rawaninsa ya ɗora mini a ka, suka taya shi aza mini damin. Daga fadama zuwa ƙofar maigari sai an ratsa ƙauyen gaba ɗaya, ta gaban masallaci da bakin rijiya. Na yi taku biyu, damin ya karkata, 'yan ƙwayoyi suka zube ƙasa. Ya sa hannu ya gyara mini shi, a hankali, ba faɗa a muryarsa.

"Riƙe da kyau, kak ka zubar," ya ce. "Ba namu ba ne."